Makarantar Kuɗi ko ta Gwamnati: Wa Ke da Zaɓi a Kaduna?

A watan Satumba na 2019, gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya riƙo hannun ɗansa ɗan shekara shida ya kai shi Kaduna Capital School, makarantar gwamnati, ya sa shi a firamare. Hotunan suka zaga ko'ina. Wasu suka yaba, suka ce ga shugaba ya cika alkawari. Wasu suka ce ai makarantar da aka kashe wa kuɗi aka gyara ce, ba irin waɗanda ke Rigasa ko Hayin Banki ba. A 2021 kuma gwamnan ya tabbatar da bakinsa cewa ya cire yaron, saboda bayanan tsaro sun nuna masu garkuwa da mutane na hakon makarantar. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, uba ne, kuma kowane uba haka zai yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da ya ga dama ya kai ɗansa, da ya ga haɗari ya ɗauke shi. Akasarin iyayen jihar nan ba su da ikon yin ko ɗaya daga cikin biyun. Makarantar da ƙafar yaro za ta iya kai shi, ita ce makarantarsa, ko tana da malami ko babu.

Wannan shi ne asalin gardamar da 'yan siyasa a ƙasashe da dama suka daɗe suna tafkawa a kan zaɓin makaranta. Gwamnati na ware kuɗi don karatun kowane yaro. To, kuɗin nan makarantar gwamnati za a riƙa ba, yaro ya bi shi can, ko kuwa hannun iyaye za a danƙa shi su kai duk makarantar da ta kwanta musu, har da ta kuɗi da ta addini?

Wanda ya fi shahara da ra'ayi na biyu shi ne masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman. A 1955 ya kawo shawarar cewa gwamnati ta ci gaba da biyan kuɗin karatu, amma ta rage gudanar da makarantu da kanta. A ba kowane uba takarda mai darajar kuɗi, wato bauca, irin wadda ma'aikatan ofis suka sani, ya miƙa wa makarantar da ya zaɓa, ita kuma ta je ta karɓi kuɗinta a baitulmali. Hujjarsa ta 'yan kasuwa ce: makarantar da ba ta koyarwa za ta rasa ɗalibai, ta rasa kuɗi, ko dai ta gyara ko ta rufe. An daɗe ba a gwada ba sosai a Amurka, sai a 1990 da birnin Milwaukee ya fara ba 'ya'yan talakawa bauca. A 2002 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa ba laifi a kai baucar makarantar addini, tun da iyaye ne suka zaɓa. A 2022 jihar Arizona ta buɗe shirinta ga kowa da kowa, mai kuɗi da talaka, sannan a 2025 Texas ta sa hannu a kan nata shirin na dala biliyan ɗaya.

Galibi ana cewa 'yan jam'iyyar Rifablikan ne ke so, 'yan Dimokurat da ƙungiyoyin malamai ke ƙi. Haka ne a dunƙule, amma in an duba da kyau lissafin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma a nan ne darasinmu yake. Wadda ta tsaya kai da fata a kan dokar Milwaukee baƙar fata ce 'yar Dimokurat, Polly Williams, saboda ta gaji da ganin yaran unguwarsu suna gama makaranta ba su iya komai ba. A Texas kuma, waɗanda suka yi shekaru suna taka wa shirin birki su ne 'yan Rifablikan masu wakiltar karkara, domin a garuruwansu makarantar gwamnati ce kaɗai, ita ce ma mai ɗaukar ma'aikata mafi yawa. Talakan birni na neman mafita daga makarantar da ta gaza, mutumin ƙauye na tsoron a kwashe kuɗin makarantarsa tilo a kai birni. Duk wanda ya san bambancin Tudun Wada da Birnin Gwari zai gane maganar nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sakamakon gwaje-gwajen bai faranta wa kowane ɓangare rai gaba ɗaya ba. A jihar Louisiana, yaran da suka koma makarantun kuɗi da bauca makinsu na lissafi ƙasa ya yi a shekarun farko. Ƙasar Cile ta shimfiɗa tsarin a duk faɗinta tun 1981, aka wayi gari makarantu sun rabu gida-gida bisa aljihun iyaye, har sai da aka yi doka a 2015 da ta hana makarantun da ke cin tallafin gwamnati tace ɗalibai, da neman riba, da ƙara wa iyaye kuɗi a kai. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne gwajin da aka yi a ƙauyukan jihar Andhra Pradesh ta Indiya, inda aka ba yara bauca ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekaru, waɗanda suka je makarantun kuɗi masu araha ba su fi takwarorinsu ba a lissafi da harshen gida, sai dai abin da aka kashe a kan kowane ɗaya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da gwamnati ke kashewa ba. Masu goyon baya suka ce kun gani, karatu ɗaya a farashi mai sauƙi. Masu adawa suka ce sauƙin daga ƙaramin albashin malamai ya fito. Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Kafin mu ɗauko rigimar Amurka mu yafa, akwai bambanci babba. A can, adireshin gidanka ne ke yanke makarantar gwamnatin da ɗanka zai shiga. A Kaduna babu dokar da ta ɗaure ka haka. Mu tuni muka shiga kasuwar, ba tare da majalisa ta zauna a kai ba. Ma'aikacin banki, da ɗan kasuwar da ke da shago a babbar kasuwa, da malamin makarantar gwamnati shi kansa, kowa ya samu hali ya janye nasa. Tsarin da muke ciki yau zaɓi ne ga mai kuɗi, tilas ga marar shi.

Kuma ba yau muka fara wannan muhawara ba. A zamanin Turawa da jamhuriya ta farko, makarantun mishan da na ƙungiyoyi suna karɓar tallafin gwamnati matuƙar sun cika sharuɗɗan sufetoci, wato kuɗin hukuma ne a hannun makarantar da ba ta hukuma ba. A farkon shekarun 1970 gwamnatin soja ta karɓe su ta canza musu suna. St. John's ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles da ke Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kufena, Kwalejin Sheikh Sabah ta Musulmi ta zama Sardauna Memorial. Hujjar ita ce haɗin kan ƙasa bayan yaƙin basasa, da buɗe ƙofa ga kowane yaro ba tare da tambayar addininsa ba. Shirin UPE na 1976, wato na karatun firamare kyauta ga kowane yaro, ya ƙara cika ajujuwa. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, albashi ya fara makara, rufin kwano ya fara yoyo, makarantun nan suka fara zubewa a idon waɗanda suka yi su. Wasu jihohin sun juya baya: Legas ta mayar wa masu su da wasu makarantu a 2001, Anambra a zamanin Peter Obi ta mayar da fiye da dubu ɗaya a 2011 tana ci gaba da biyan albashin malamai. A Kaduna, duk lokacin da aka tayar da zancen mayar da makarantun mishan, kafin a kai ga maganar karatu ya riga ya rikiɗe ya zama na addini.

Mai adalci ba zai zargi uwar da ta cire ɗanta daga makarantar LEA, wato firamaren gwamnati, ba. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su, ta ɗauki sababbi. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi watsi da yadda aka shirya jarrabawar, ta shiga yajin aiki a farkon 2018. A 2022 aka sake sallamar wasu fiye da dubu biyu. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, saƙon da iyaye suka ɗauka ɗaya ne: gwamnati da kanta ba ta yarda da waɗanda ta damƙa wa 'ya'yansu ba. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Amma kyautar da za a ba ka a aji mai yara sama da ɗari, rabinsu a zaune a ƙasa, malama ɗaya tana ta fama da murya, dole mai hali ya nemi wata hanya.

Sai dai kalmar makarantar kuɗi tana ɓoye abubuwa da yawa. Akwai waɗanda ke unguwannin masu hali, da janareta da motar ɗaukar yara da ɗakin kwamfuta. Akwai kuma mafi yawa, waɗanda ke cikin lunguna: gida mai ɗaki huɗu aka mayar makaranta, babu filin wasa, malamai 'yan mata ne da samari da suka gama sakandare suna jiran JAMB, albashinsu bai kama ƙafar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Duk da haka iyaye na tururuwa can. Na tambayi wata maƙwabciyata mai sayar da ƙosai dalilin da ya sa take wahalar da kanta da kuɗin zango. Ta ce mini, "Malam, a can in yaro bai iya ba, ina da wanda zan je in riƙe wa riga. A ta gwamnati wa zan tambaya?" Wannan amsa ta fi duk wata hujjar masana ƙarfi a wurina. Mai makaranta ya san in ta fusata za ta kwashe 'ya'yanta uku ta kai layi na gaba. Ga kuma rashin yajin aiki, ga haɗa boko da Islamiyya da hadda a wuri ɗaya, abin da iyaye Musulmi da yawa ke nema ruwa a jallo.

Amma gasar nan tana da mugun gefe. Uwa ba ta iya auna ko ɗanta ya fahimci lissafi, abin da take gani shi ne inifom mai kyau, da Turancin da yake rerawa, da sakamakon da aka rubuta masa na ɗaya ko na biyu. Don haka makarantu da dama a kan waɗannan suke gasa. Idan aka zo WAEC da NECO kuwa, kowa ya san akwai cibiyoyin da ake biya don a tabbatar yaro ya ci, ko ya karanta ko bai karanta ba. Kasuwa tana ba mutum abin da ya iya ganewa ne, ba lalle abin da ɗansa ke bukata ba.

Inda nake jin tsoro sosai shi ne batun zaman tare. A kudancin Amurka, bayan hukuncin kotu na 1954 da ya haramta raba makarantu tsakanin farare da baƙaƙe, wasu jihohi sun yi amfani da tallafin kuɗin makaranta don fararen yara su gudu zuwa makarantu masu zaman kansu. Wata gunduma a Virginia rufe makarantun gwamnatinta ta yi ɗungurungum daga 1959 zuwa 1964. Mu namu rabon ya zo ta wata hanya. Tun bayan rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya na 2002, Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Musulmi suka tattara a arewacin gari, Kiristoci suka koma Sabon Tasha da Television da Gonin Gora da kewaye. Waɗanda suka yi Rimi ko Sarauniya Amina a da za su gaya maka sunayen abokan ajinsu Bajju da Atyap da Gbagyi da Yarabawa da Ibo, har yau suna zuwa bikin 'ya'yan juna. Yaron da aka haifa a 2010 a Rigasa zai iya gama sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da Kirista ba, haka takwaransa na Ungwan Romi bai taɓa raba biro da Musulmi ba. Idan aka raba bauca ga kowa ba sharaɗi, na tabbata kowa gidansu zai nufa da ita, gwamnati ta zama ita ke biyan kuɗin rabuwar. Na san masu cewa ƙasar Holan tun 1917 take biyan makarantun addini daidai da na gwamnati, kuma ba ta wargaje ba. Gaskiya ne, amma ba su binne mutane a rikicin addini shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce ba.

Akwai tambayar da masu son bauca a ƙasar nan ba su cika son amsawa ba: tsangaya fa? Uban da ya ɗauki ɗansa daga ƙauye ya kai wa malam a Zariya shi ma zaɓi ya yi, kuma yana da dalilansa, ciki har da ganin waɗanda suka yi boko suna zaman kashe wando. Idan ƙa'idar ita ce kuɗi ya bi yaro duk inda uba ya so, ba ka da hujjar hana alaramma kasonsa. Ni ba na adawa da a ba shi, da sharaɗin yaro ya koyi karatu da rubutu da lissafi, ya ci abinci, ya daina bara. Amma da zarar ka gindaya sharaɗi, ka koma ga sufeto, ga rajista, ga hukuma mai sa ido. Makarantun tsangaya na zamani fiye da 150 da gwamnatin Jonathan ta gina sun nuna mana abin da ke faruwa idan aka yi gini aka bar shi ba mai bibiya.

Sa idon nan shi ne ƙashin bayan komai. Bauca ba ta rage wa gwamnati aiki, canza mata shi take yi zuwa wanda ya fi wuya. Dole ta san kowane yaro da sunansa, ta tabbatar yana zuwa aji, ta tabbatar makarantar da ke karɓar kuɗin tana nan a ƙasa ba a takarda kawai ba. Mu da muka sha jin labarin ma'aikatan bogi a baucar albashi, me zai hana a samu ɗaliban bogi da makarantun bogi? Jihar na da hukumar tabbatar da ingancin makarantu, amma duk wanda ya shiga lungunan Kaduna ya san makarantun da ke buɗewa sun fi ƙarfin masu zagayen duba su. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 ya koya mana wani abu a nan: ajujuwa sun cika maƙil cikin 'yan makonni, aka riƙa kukan wasu yaran na cin abinci su fice, kuma shirin bai ɗore a yadda aka faro shi ba saboda nauyin kuɗi. Sannan wa zai biya? Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi 23 ake cire shi, kuma shi ne ke cinye mafi yawan abin da ake kashewa. Idan yara goma suka bar aji, albashin malamar bai ragu da ko sisi ba. Kuɗin bauca ƙari ne a kan abin da ake biya, sai dai in za a rufe makarantu a sallami malamai, wanda kuwa duk gwamnan da ya ce zai yi ya shirya wa NUT.

Ga mutumin karkara kuma duk wannan zance ne na 'yan birni. A watan Maris na 2024 'yan bindiga suka shiga makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun suka kora yara daji, daga baya hukumomi suka ce an kuɓutar da 137. Kafin nan, a 2021, an kwashe ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka, da Jami'ar Greenfield, da sakandaren Bethel Baptist. Biyu na ƙarshen nan masu zaman kansu ne, kuɗin da iyaye suka biya bai kare su ba. Gwamnatin Uba Sani ta sanar da shirin haɗe makarantu 359 da ke wuraren haɗari da wasu a inda ya fi aminci. Uban da aka ɗauke makarantar ƙauyensu, in ka miƙa masa bauca, ina zai kai ta? Babu ɗan kasuwar da zai buɗe makaranta a inda malami ke tsoron kwana.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a rufe zancen gaba ɗaya ba, domin su ma akasarinsu 'ya'yansu ba sa makarantar da suke karewa. Akwai wuraren da hujjar 'yan adawa ta Amurka ba ta aiki. Can ana tsoron makaranta ta rasa ɗalibai ta durƙushe. A Rigasa, inda firamare ɗaya ke ɗauke da dubban yara, in aka rage wa aji mutum talatin, malama da sauran yaran numfashi za su yi. Gina sababbin ajujuwa na ɗaukar shekaru, yaron da ke aji biyu yau ba zai jira ba. A irin waɗannan unguwanni ina goyon bayan gwamnati ta sayi gurabe a makarantun kuɗi masu rajista don marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, a zaɓe su ta ƙuri'a a bainar jama'a don kada ya zama rabon 'yan siyasa. Makarantar da ta karɓa ba za ta ƙara wa uwa ko kwabo ba da sunan kuɗin PTA ko na littafi, ba za ta kori yaro don addininsa ko don ba shi da ƙoƙari ba, kuma kuɗin ya fito daga wani aljihu daban, ba daga na gyaran makarantun LEA ba. Indiya ta bi wata hanya mai kama da wannan a dokarta ta 2009, inda ta wajabta wa makarantu masu zaman kansu ware kashi 25 cikin ɗari na gurabensu na ajin farko ga 'ya'yan talakawa, gwamnati ta biya. Babban kukan masu makarantun can shi ne jinkirin biya, kuma duk ɗan kwangilar da ya taɓa bin gwamnati bashi a nan ya san wannan ciwon.

Abu ɗaya kuma za a iya farawa da shi tun kafin a kai ga bauca, ba ya bukatar sabuwar doka mai tsawo. A riƙa gwada kowane ɗan aji uku, na gwamnati da na kuɗi da na Islamiyya mai boko, a ga ko zai iya karanta gajeren labari da Hausa ko Turanci, ya kuma yi lissafin tarawa da ɗebewa. Masu gwajin su zo daga waje, ba malaman makarantar ba. A liƙa sakamakon a ƙofar kowace makaranta, a karanta shi a rediyo unguwa-unguwa. Maƙwabciyata mai ƙosai tana biyan kuɗin zango uku a shekara, kuma har yau ba wanda ya taɓa gaya mata ko makarantar da take kai wa kuɗin ta fi ta gwamnatin da ke bayan gidanta.